Alhaji, ka aje motar a bakin gudron

Wani Alhaji daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi doguwar bas ƙirar Sprinter, an cire mata kujeru an sa gadaje, da ɗan madafi, da firji, da tankin ruwa, da farantin sola a kan rufi. Yana so ya zo Damagaram da hutun Disamba, shi da Hajiya da yara huɗu, su yi kwana biyar, kuma a ciki ya ware yini guda su shiga hamada su ga tuddan rairayi irin na hoto. Yana tambaya: wace hanya zai bi, motar za ta iya, kuma me zai riƙe?

Alhaji, sannu da niyya, Allah ya kawo ku lafiya. Ni direba ne ɗan Damagaram, na haura shekara ashirin ina jan kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, tsakanin nan da Tanut da Agadas, da kuma gabas ta Gure har Taskar da Tarmit. Na ɗauki likitocin dabbobi, na ɗauki masu haƙar rijiya, na ɗauki ƴan yawon buɗe ido a zamanin da suke zuwa.

Motarka za ta kawo ku Damagaram lafiya lau, za ta kai ku Gure, za ku kwana a cikinta ku ji daɗi. Amma rairayi ba za ta shiga ba. Duk wanda ya ce maka za ta shiga, ka tambaye shi ko zai zo ya taya ka haƙa.

Ka lissafa da kanka. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, tankinka in ya cika ya ba ka kilo ɗari ko fiye. Ga batura, ga tukunyar gas, ga katakon gadaje da kabad, ga mutum shida da kayansu. Bas irin taka in ta sha kaya haka ta kai tan uku da rabi, kuma ƙafa biyu kaɗai ke ja. Cikinta kusa yake da ƙasa, gindinta ya zarce tayar baya da nisa, ga bututun ruwa da masu gyara suka rataya mata a ƙasa. A kan gudron, ku ce kwalta, duk wannan ba komai ba ne. A cikin rairayi kuwa taya na juyawa sau uku ta haƙa wa kanta rami, motar ta zauna a kan cikinta kamar kaza a kan ƙwai. Za ka ji ana cewa ai sai a rage iskar taya. Gaskiya ne, mu ma haka muke yi. Kat-kat da ke tafiya da iska kilo biyu da rabi a gudron, muna sauke ta zuwa ɗaya da rabi, wani lokaci ƙasa da haka, don tayar ta baje ta taka sarari mai faɗi. A gejinku na Najeriya kilo ɗaya ya yi kusan 14 da rabi. To amma tayar da ke ɗauke da nauyin gida, in ka sauke ta haka, gefenta zai kwanta, kututture ko ƙaya ya farke ta, ko ta zame daga bakin ƙarfenta a kwana.

Wannan ba ji na yi ba. Ina da ƙuruciya wasu baƙi mata da miji suka gangaro daga Agadas da irin motarka, suka ɗauke ni jagora zuwa gabas. Bayan Gure mijin ya hango wani jan tudu daga hanya, ya ce ai kusa ne, mu shiga. Na ce a'a, ya nace, ni kuma ina jin kunyar a ce ɗan gari ya ji tsoro. Muka sauka daga gudron wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ba mu yi kilomita uku ba ta kafe. Maimakon ya ɗaga ƙafa, sai ya ƙara taka wuta, har warin kuloc ya cika mana hanci. Na kwanta rub da ciki ina jan rairayi da hannu daga ƙarƙashinta, ina ja yana komawa. Can na ji sanyi a gwiwar hannu, na duba, ashe bututun tankin ne ya tsinke, ruwanmu na bin ƙasa. Rairayin ya shanye shi ko alama bai bari ba sai ɗan duhu kamar faɗin faifai. Sai bayan la'asar wasu Mangawa, mutanen yankin, suka zo da shanun amalanke biyu, suka saro kaba muka shimfiɗa ƙarƙashin tayu, aka ɗaura igiya, shanu na ja mutane na turawa, sannan ta fito. Tudun da muka zo gani, ko gindinsa ba mu taka ba. Tun ranar ban sake yarda wani ya ba ni kunya na shiga inda na san bai kamata ba.

Sai maganar hamada irin ta hoto. Wancan rairayin da ba ka ganin ko tsinke har iyakar ido, Tenere ke nan da hanyar Fashi da Bilma, inda ayarin raƙuma ke zuwa ɗauko gishiri. Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, daga Agadas zuwa Bilma kuma wajen 600, babu gudron. A can ne aka yi itacen nan tilo na Tenere da wani direban babbar mota ya banke a 1973, gangar jikinsa yanzu tana gidan tarihi na Yamai. Mu direbobi har yau ana yi mana gori da shi: fili ya kai inda ya kai, itace ɗaya tak, shi ma sai da ɗan'uwanmu ya same shi. Wannan tafiya ba ta yini ba ce, kuma ba ta iyali ba ce a yanzu. Masu bin hanyar suna tafiya ne a ayarin motoci da rakiyar soja, kuma a 2025 an sace baƙi Turawa a cikin garin Agadas kansa. Tarmit ma, inda aka keɓe gandun namun daji a 2012 saboda ragowar barewa da dabbar nan adaks, tana cikin jihar Damagaram, amma zuwa da komowa sai ka ba ta kwana huɗu ko biyar, da mota biyu, da izinin hukuma. Ka cire su daga lissafi.

Abin da ya rage maka hanya biyu ne, arewa ko gabas. Yawancin baƙi arewa suke nufa, don a tunaninsu hamada tana sama a taswira. Hanyar Tanut kusan kilomita 150 ce. Za ka wuce matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011, wajen kilomita 50 daga gari, wadda ba a ɗaukar hotonta, ka kiyaye. Daga nan ka shiga Damargu, ƙasar gero da raƙuma, shimfiɗaɗɗiya. Tana da nata kyau, amma yaranka za su yi ta tambaya ina tudun yake, kai kuma ba ka da amsa.

Ni gabas nake kai mutane. Ka bi babbar hanyar Difa: Mirya a kilomita 18, Gidimuni da tafkinta da dabinanta wajen 70, sai Gidigir, sai Gure a 160 da ɗoriya. Daga Gure ka yi gabas da kudu, nan ne ƙasar Manga, inda jajayen tuddai da farare suke jere, kuma tsakanin kowane biyu akwai kwari mai ruwa da dabino. A Gure za ka tsaya. Gudumariya da abin da ke bayanta jihar Difa ce, wadda aka sa wa dokar ta-ɓaci tun 2015 saboda Boko Haram, ba ka da abin yi a can da yara.

Tuddan nan tsofaffi ne ƙwarai. Iska ce ta tara su dubban shekaru da suka wuce, a wani zamani da ya fi namu bushewa, daga baya ruwa ya dawo, ciyawa da itace suka rufe su suka yi barci. Farin 1973 da 1974, da na 1984, su suka tashe su. Ciyawa ta mutu, dabbobi suka cinye abin da ya rage, mutane suka sare itace, iskar hunturu ta samu ƙofa. Yunwar 1984 ɗin, kada ka ji haushi Alhaji, a nan El-Buhari ake ce mata, don a shekarar aka rufe iyakarku hatsi ya daina shigowa. Shi ya sa nake cewa hamadar Gure ta fi ta hoto abin gani. Ta hoto ba ta taɓa kowa. Ta Gure kuwa za ka ga inda ta haɗiye rabin gona, za ka ga goribar da ta binne har wuya tana nan da ranta, za ka ga mai gonar ma ku gaisa.

Ga yadda zan tsara maka. Kada ka ce za ka tashi daga Damagaram da asuba, ka ga hamada, ka dawo ka kwana. Za ka isa lokacin da rana ta riga ta ƙwace filin, ka juyo lokacin da ya fara kyau. Ka tafi Gure tun ana gobe, da rana, kada dare ya same ka a hanya: akwai amalanke marasa fitila, akwai raƙumin da ke kwanciya a kan gudron don ɗuminsa, akwai harshen rairayi da iska ke shimfiɗawa a kan hanya. Da ka isa, kafin komai ka je wajen jandarma ka gabatar da kanka da takardunka, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi su nuna maka inda za ka aje motar ku kwana. In sun ce yau kada a shiga wuri kaza, ba a musu. Kat-kat ɗin da direbanta tun daga Damagaram za ka shirya su, ku gama ciniki har da kuɗin mai. Kada ka ji nauyin buɗe bayanta ka duba: tayar safiya, wato ta canji, guda biyu, felu wanda ku kuke ce wa shebur, tol guda biyu na shimfiɗawa ƙarƙashin taya, famfon iska, igiya mai ƙarfi, da jak tare da faffaɗan katako, don jak ba katako nutsewa yake yi. A Gure kuma ku ɗauki ɗan ƙasa mai jin Barbarci. Ana jin Hausa a kasuwa, amma a bakin rijiya za ka tarar da Bamange ko Batube ko Bafillace da Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ka bar wa jandarma sunan inda za ku da lokacin dawowa.

Ku yi sallar asuba ku tashi. A Disamba rana na fitowa wajen bakwai saura, kuma awa ukun farko su ne ribar yinin. Da safe rairayi a daskare yake, sanyin dare da ɗan raɓa sun kama shi, mota na bi ta kansa kamar a kan daɓe. Da rana ta ɗaga sai ya saki, ya zama gari. Inda direba ya wuce da ƙarfe bakwai ba tare da ya canza giya ba, da ƙarfe ɗaya zai iya kwana a wurin. Kowane tudu kuma fuska biyu gare shi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka wancan ɓangaren a kwance yake, a dake, shi ake hawa. Ɗayan ɓangaren, inda rairayin ke zubowa, gangara ce mai tsauri da laushi. Direban kirki ba ya tsallaka ƙoƙon tudu bai sauka ya leƙa bayansa da ƙafa ba. In naku ya ce ai ya san wurin, ka ce masa ya yi haƙuri ya leƙa, don tudun bara ba shi ne na bana ba.

Ku bar motar a gindi ku hau da ƙafa. Ka ce wa yara su dubi ƙasa kafin su dubi sama, don da safe rairayi allo ne, duk wanda ya yi yawon dare ya bar rubutunsa. Ga sawun ƴanyawa a jere kamar an ɗinka, ga na ɓeran daji mai tsalle, biyu-biyu da jan wutsiya a tsakani, ga na buzuzu kamar zanen ƙwarya, ga inda maciji ya bi a karkace. Da hantsi iska ta tashi ta goge allon. A saman tudu za ka ji shirun da ba ka taɓa ji a Kano ba, har ka riƙa jin kunnenka na ƙara. Yara za su so gangarawa ta fuskar mai laushi, ka bar su, babu abin da zai same su sai rairayi a aljihu. Abin da za ka hana su shi ne cusa hannu a gindin kalimbo ko tumfafiya, nan kububuwa ke laɓewa, da kuma ɗaga busasshen itace ba a bubbuga shi ba, saboda kunama. Ƙafa ba takalmi kuwa sai kafin ƙarfe tara. A bazara saman rairayi na haura digiri 60, a Disamba bai kai haka ba, amma ya isa ya tayar wa yaro bororo.

Akwai ƙarangiya, kuma lokacinta ke nan, ta bushe ta yi ƙaya. Hajiya ta bar doguwar abaya mai jan ƙasa a mota, in ba haka ba da la'asar za ta zauna tsinta. Safa ma tarko ce. In ta kama, a jiƙa yatsu da yawu sannan a cire, ba ta shiga fata sosai. Kada ku raina ta dai, a shekarun yunwa ita mutanen nan suka sussuka suka ci.

A jikin wasu tuddan za ka ga an kakkafa shinge murabba'i-murabba'i kamar gidan dara. Rassan kalimbo ne ko na kaba, mutanen ƙauye ke kafawa don su karya ƙarfin iska, sannan da damina a dasa itace a cikin kowane gida. Aiki ne na wahala, kuma akuya ɗaya ta isa ta ɓata na wata guda. Kada mota ta bi ta ciki, kada yara su zare reshe don wasa.

Wajen ƙarfe goma ku gangara kwari. Daga sama za ka fara ganinsa, kore shar a tsakiyar ja, zobe cikin zobe. Na waje goriba ce, ita ke tare rairayi. Na biyu dabino da lambuna: rogo, rake, masara, albasa, wani wuri har ayaba. A tsakiya kuma fari fat kamar an zuba gari, ko ɗan ruwa mai kauri. Dalili shi ne ruwan ƙasa a nan kusa yake, a wasu wuraren mutum na haƙa kamu kaɗan ya same shi. Rana na jan ruwan sama, ya tashi ya bar gishirinsa a fuskar ƙasa, wannan farin shi ne kanwa. Za ka tarar da masu kankare ta suna tarawa tsibi-tsibi, ana ɗura wa buhuna, jakuna da raƙuma na fitar da ita bakin hanya, manyan motoci na gangarawa da ita kudu. Ba mamaki kanwar da Hajiya ke jefawa a ɗanwake daga irin wannan kwarin ta fito. A wasu wuraren kuma gishirin mangul suke dafawa: a tace ƙasar da ruwa ta cikin kwandon ciyawa, a zuba ruwan a ƙananan tukwane na yumɓu a jera a murhu, a yi ta ƙarawa yana ƙonewa har ya daskare, sannan a fasa tukunyar. In kun tarar ana yi, ku tsaya, ya fi tudun ma abin kallo. Wasu dabinan ƙasar nan sau biyu suke haihuwa a shekara. Ɗanɗanonsu bai kai na Bilma ba, a ganina, amma ka saya a hannun mai lambu, ita ce gaisuwar da ya fi so.

In kun biya ta rijiyar makiyaya, akwai ladabi. A tsaida mota nesa, kada ƙararta ta watsa garke. Kai da jagora ku je ku yi sallama, ku jira a amsa. Za ka ga raƙumi ko sa yana jan igiya yana tafiya, yaro na bisa, har wasaki ya fito bakin rijiya a juye a kwami. Tsawon tafiyar dabbar shi ne zurfin rijiyar, yara su ƙirga taku su gani. Kowane garke da layinsa, wani tun jiya yake jira, saboda haka ba a cewa a ba mu guga ɗaya mu wanke ƙafa. Ba a ƙirga dabbobin mutum a gabansa, ba a tambayarsa nawa ne. Hoto kuma sai an nemi izini, na mata ma Hajiya ce za ta nema, in an ƙi a bar shi. Ka riƙe sukari da ganyen shayi da goro. Kuɗi a hannun yara kuwa, don Allah kada ka fara, kai za ka tafi, mu za a bari da su suna bin kowace mota.

Daga sha ɗaya da rabi zuwa uku da rabi babu inda za ku. Ku shimfiɗa tabarma a inuwar goriba, ba daidai ƙarƙashin ƴaƴanta ba, ku ci abin da kuka zo da shi. Kilishi, burodi, dabino, da cuku in kun samu wajen makiyaya. Direba zai hura gawayi ya ɗora shayi, zagaye uku ne, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, kuma ba a gaggauta shi. Ku yi sallolinku na matafiya, ku yi barci. Baƙi da yawa a nan suke ɓata yininsu, suna ganin sun biya kuɗin mota don me za a zauna. Wanda ya matsa aka fita da tsakar rana, abin da zai samu kawalwalniya ce, da ciwon kai, da mota a kafe.

Ruwa kuma, kada sanyin Disamba ya ruɗe ka. Iskar hunturu a bushe take, gumi na fita yana bushewa ba ka gan shi ba, sai ka ga yaro ya yi shiru ya daina wasa. Ka lissafa lita biyar ta sha ga kowane mutum, har direba da jagora, sannan ka ƙara jarka ɗaya ta lita ashirin wadda ba a taɓawa sai in an kafe. A raba ruwan a mazubi biyu ko uku, ka tuna da bututun nan da ya tsinke mana. A riƙa ba yara suna kurɓa ko ba su nema ba. In fitsarin yaro ya yi ja kamar shayi, ko ya ce kansa na juyawa, a kai shi inuwa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Man kaɗanya don leɓe da dunduniya, rawani ko gyale don hanci, kuma in akwai mai asma a cikinku maganinsa ya kasance a aljihu, ba a cikin bas a Gure ba. Layin waya yana ɗaukewa da an yi nisa da gudron. In mota ta lalace, kowa ya zauna wurinta. Mota ana hango ta daga nesa, kuma jandarma sun san inda kuka nufa. Mutum ɗaya a ƙafa cikin tuddai masu kama da juna, shi ne ake wahalar samu.

Abu ɗaya da ba ni da iko da shi, kai ma haka, shi ne hazo. Akwai ranar da za ka tashi ka ga rana kamar farin faranti, itacen da ke gabanka ma da ƙyar. Irin wannan rana babu abin gani, kuma jagora kansa alamominsa na ɓace masa. In ta zo, ku ɗaga zuwa gobe. Shi ya sa nake so ka bar kwana ɗaya a sake cikin biyar ɗin.

Da la'asar sakaliya ku sake hawa wani tudun, wanda bai yi nisa da hanya ba. Lokacin ne inuwa ke miƙewa, kowane ƙunya na rairayi ya fito, launin ya tashi daga fari ya koma ja kamar garwashi. Masu son hoto wannan ce sa'arsu. Amma rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma duhun nan ba ya jira, saboda haka biyar da rabi ta same ku kuna gangarowa. A bakin gudron direba zai tsaya ya mayar wa tayu iskarsu, kada ka ce ya bari sai an isa gari, taya mai ƙarancin iska a kan gudron zafi take yi ta fashe. A nan ne za ka gode wa bas ɗinka: ku tarar da ita a inda kuka bar ta, da ruwan wanka, da abin sanyi a firji, da gado. Bayan isha ku kashe fitilu ku fito waje kaɗan, Kaza da Ƴaƴanta na bisa kai a wannan watan. Ku sa rigunan sanyi, dare a dajin Gure yana sauka ƙasa da digiri goma wani lokaci, kuma da safe kowa ya zazzage takalminsa kafin ya sa.

Ita kanta bas ɗin ba ta son abu da yawa. Ka cika gazuwal, ku ce dizal, a gidan mai a Damagaram, ka bar na kwalba na bakin hanya. Ka riƙe matatar iska ta safiya, ƙurar hunturu na toshe ta da wuri. A rufe tukunyar gas in ana tafiya, a ɗaure ƙofofin kabad, don akwai wuraren da hanyar ke da gargada. Ruwan bayi kuma ba a zubar da shi kusa da kwari ko rijiya, tunda ka ga yadda ruwan ƙasar yake kusa. Ka dawo da shi gari. A iyaka, ko ka biyo ta Daura da Kwangwalam ka fito Matamai, ko ta Babura ka fito Magarya, za ka karɓi takardar shigar mota a wajen duwan, ku ce kwastan. Ka zo da takardun motar na asali, da inshora, da shaidar kowa har yara, ka kuma tambayi ƙa'idar da ake bi a lokacin, don abubuwa sun sauya tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, ku ce ECOWAS, a 2025. Ka canji sefa tun a iyaka ko a Damagaram, ka nemi ƙananan kuɗi, mai dabino ba shi da canjin jika goma, wato sefa dubu goma. Jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, in yaranka na da shi, a bar shi a Kano.

In da ni ne kai, ranar Laraba zan shigo. Alhamis ranar babbar kasuwar Damagaram ce, ka sayi rawani da tabarma da shayi, ka ga direbanka ido da ido, da yamma ka kai yara Birni su ga fadar Sarki da duwatsun da gari ya zauna a tsakaninsu, ku biya ta Zango inda ayarin Buzaye ke sauke kaya a zamanin Sarki Tanimun. Juma'a da safe ku kama hanya, ku sha iska a Gidimuni, ku yi salla a Gure. Asabar hamada. Lahadi ku juyo da wuri ku tarar da kasuwar Mirya tana ci, Hajiya ta zaɓi tulu, sai dai a naɗe shi da bargo kafin a sa a mota. In hazo ya ɓata Asabar, ku shiga Lahadi, tulun sai wani zuwan.